Yadda Sabon Likitan Fisiyo Zai Fara Aikin Bin Marasa Lafiya a Unguwanni da Ƙauyuka

Wanda ya gama karatun fisiyo, wato gyaran jiki ta hanyar atisaye da gashi, ya yi shekarar koyon aiki a babban asibiti irin na Malam Aminu Kano ko na ƙashi da ke Dala, ya saba da ɗakin gashi mai gadaje da na'urori, da fayil mai zuwa da sunan cuta a rubuce, da kuma na gaba da shi a kusa wanda zai tambaya idan abu ya cije. Ranar da aka tura shi ƙaramin asibitin gunduma, ko wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi ya riƙa bin marasa lafiya gida-gida, duk waɗannan babu su. Abin da zai tarar shi ne tabarma a ƙasa, da ɗaki mai ƙarancin haske, da iyalin da suka riga suka zaga wurin mai ɗori da mai magani kafin labarinsa ya iso musu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ɗago wannan tsari na kula da masu naƙasa a cikin gidajensu da unguwanninsu bayan taron Alma-Ata na 1978, a 2010 kuma ta fitar da jagorar da ta ɗora shi kan ginshiƙai biyar: lafiya, ilimi, hanyar cin abinci, zamantakewa, da ba mai naƙasa ikon tsayawa da kansa. Abin da ya kamata ka riƙe daga cikinsa guda ɗaya ne. Mara lafiya zai gan ka awa ɗaya a mako in an yi sa'a, sauran awa 167 kuwa yana hannun matarsa ko 'yarsa ko ƙaninsa, saboda haka abin da ka koya musu shi ne maganin da zai samu.

Kayan aiki

Jakar goyo ɗaya ta isa, domin sau da yawa a kan babur za ka tafi. Ka sa na'urar awon hawan jini da abin sauraren ƙirji, da ƙaramar na'urar yatsa mai auna iska da bugun zuciya, da na'urar awon suga in ana samu. Ka haɗa da tef irin na tela, da ma'aunin kusurwar gaɓa, da gudumar roba ta gwada jijiya, da bandeji, safar hannu, sabulu da ruwan goge hannu. Rijista ɗaya babba ta zauna a asibiti, sannan ka sayi littattafan rubutu na 'yan firamare, ɗaya domin kowane gida. Wayarka ta kasance da caji da kuɗin kira, ka kuma ɗauki ruwan shanka.

Robar atisaye ta kanti tana da tsada kuma zafi yana cinye ta. Tsohon tiyub ɗin babur da aka yanka tsiri-tsiri yana yin aikinta, faɗin tsirin shi ke ƙara masa ƙarfi. Tela zai ɗinka maka ƙananan buhunan yashi na rabin kilo, kilo ɗaya da kilo biyu, in babu kuwa gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi da aka cika ta kai kilo ɗaya da rabi. Fitilar gashi da na'urar lantarki ka bar su a asibiti. Babu tabbacin wuta, kuma muninsu shi ne iyali suna ɗaukar cewa na'urar ce magani, sai su naɗe hannu suna jiran ranar da za ka dawo da ita.

1. Daidaita takardu da sanin inda za ka tura mara lafiya

Kada ka taɓa mara lafiya sai lasisinka na hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988 domin rajistar masu wannan sana'a, yana nan da ransa, kuma ka tuna ana sabunta shi kowace shekara. Ka nemi a faɗa maka a rubuce gundumomin da ke hannunka, da wanda za ka riƙa kai wa rahoto, da wanda zai biya kuɗin mai. Maganar kuɗin mai ita ke kashe irin wannan aiki a wata na uku, don haka a warware ta tun farko.

Idan kai kaɗai ne likitan fisiyo a wurin, ka nemi wani gogagge a babban asibiti mafi kusa, ko ta reshen ƙungiyar likitocin fisiyo na jiharka, wanda ya yarda ka riƙa kiransa. Sannan ka rubuta a bangon rijistarka inda ake hoton ƙashi, inda ake sa filasta, inda ake yin ƙafar roba da takalmin gyara, da ranakun da likitan yara da na ƙashi suke zama. Ka je waɗannan wurare da ƙafarka ka gabatar da kanka, domin takardar da ta fito daga wanda aka sani ita ake saurin karɓa.

2. Shiga gari ta ƙofarsa

Ka fara da in-chajin asibitin gunduma da ma'aikatan lafiyarsa, su ne suka san gari tun zamanin bin gidaje na rigakafin shan inna. Ɗayansu ya raka ka wurin hakimi ko dagaci, shi kuma ya haɗa ka da masu unguwanni. Ka gana da limamin Juma'a da shugaban coci inda akwai, da kwamitin raya gunduma, da ungozomomi. Kada ka tsallake sarkin guragu, sarkin makafi da shugabannin ƙungiyar masu buƙata ta musamman. Sun san gidajen da ake ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki, kuma aikin nasu ne tun kafin ya zama naka.

A wajen gabatarwa ka faɗi abin da kake yi da kalmomin da kowa zai gane: kana taimakon wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da yaron da ya kasa zama ko tafiya a kan lokaci, da wanda gaɓarsa ta sandare bayan karaya ko ƙuna. Ka faɗi abin da ba ka yi, wato ba ka raba kuɗi, ba ka allura, ba ka zo da kekunan guragu ba. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne alkawari saboda kunya. Kalma ɗaya ta "za mu duba" ta isa gobe ka tarar da layi ana jiran rabon keke, kuma idan bai zo ba an daina yarda da sauran maganarka.

Game da masu ɗori, shawarata ita ce kada ka buɗe aikinka da faɗa da su. Mutane ba za su bar su saboda kai ba. Ka je ka gaishe su, ka nuna musu alamun ɗaurin da ya matse har jini ya daina gudu, wato yatsu sun yi sanyi ko baƙi, sun kumbura, ciwo yana ƙaruwa, ka roƙe su duk wanda ya nuna haka ko ƙashinsa ya huda fata a kai shi asibiti a ranar. Hannun yaro ɗaya da aka tsirar daga yankewa ya fi cin gardama.

3. Tattara sunaye da tsara wanda za a fara gani

Cikin mako biyu sunaye za su fi ƙarfinka. Ka sa a gaba wanda jinkiri zai cutar da shi: wanda ɓarin jikinsa ya shanye kwanan nan, domin watannin farko su ne jiki ya fi saurin farfaɗowa, da wanda ya daɗe a kwance, da mai raunin laka, da sabuwar ƙuna a kan gaɓa, da jarirai. Wanda zai iya zuwa asibiti ka ware masa rana a can, iyayen yara masu matsala iri ɗaya kuma ka haɗa su rukuni su riƙa koyo tare. Ka raba unguwanni bisa ranaku, ka kauce wa ranar kasuwa da lokacin sallar Juma'a, da damina kuma ka san cewa da safe kowa yana gona. Gida huɗu ko biyar a yini sun isa.

4. Ziyarar farko

Ka tsaya a ƙofa ka yi sallama, ka jira maigida a zaure. Inda aka rubuta "ba shiga" ana nufinsa, kuma idan mara lafiyar mace ce, ka nemi izinin mijinta da nata ita kanta, ka shiga tare da ma'aikaciyar lafiya ko wata babbar mace ta gidan. Idan ba a amince namiji ya taɓa ta ba, kada ka yi fushi. Ka gwada motsin a jikin ɗanta ko ƙaninta, abokiyar aikinka ko 'yarta ta yi mata kana kallo daga inda aka yarda ka tsaya. Mace mai wannan aiki ta fi samun shiga cikin gida, amma ita ma ta tafi da abokin tafiya, ta sanar da asibiti inda za ta, ta dawo kafin magariba. Haka shi ma namijin.

Ka zauna daidai da mara lafiya, in a tabarma yake ka sauka tabarma. Ka gaishe shi da "Baba" ko "Inna" ko "Malam" yadda shekarunsa suka nuna, ka yi magana da shi kansa ko da bakinsa ya karkace, domin abin da ya fi ci wa irinsu rai shi ne a riƙa maganarsu a kansu kamar ba sa wurin. Ka tambayi yadda abin ya fara, ka ce a kawo maka duk ledar magunguna da katin asibiti. Za ka sha tarar da wanda ya daina shan maganin hawan jini tun da na sallamar asibiti ya ƙare. Idan aka ce maka iska ce ko sammu, ba sai ka yi musu ba. Ka ce a ci gaba da addu'a, a haɗa da atisaye da maganin asibiti, ka hana abin da ke cutarwa kawai, irin su tsaga da ƙona fata.

Kafin kowane motsi ka auna jini. Idan ya kai 180 bisa 110 yana hutawa, babu atisaye a ranar, sai ganin likita. Haka idan iskarsa ta gaza kashi 90, ko sugansa ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL. Akwai kuma abubuwan da idan ka gan su aikinka shi ne turawa nan take:

- Sabuwar karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu da ta faru yau.
- Sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, da zafi da ciwo. Wataƙila jini ne ya daskare a jijiya, kuma tausa tana iya kashe shi.
- Ciwon baya tare da riƙewar fitsari ko zubarsa, da mutuwar fata tsakanin cinyoyi.
- Ciwon baya mai rama da zufar dare da ƙullutu a gadon baya, wanda yakan zama tarin fuka na ƙashi.
- Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya. Ko da uwar ta ce bayan allurar ɗuwawu ne, ka sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, domin ana ɗibar bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 da farawar abin. An tabbatar da kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Afirka a Agustan 2020, amma wannan sa ido bai tsaya ba.
- Jaririn da aka haifa ƙafarsa a murɗe ciki. A tura shi inda ake gyara da filasta mako-mako bisa hanyar Ponseti tun yana ɗan kwanaki, kada a tsaya tausa.

Bayan haka ka auna ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5, da iyakar motsin gaɓɓai, da jin taɓawa, ka yaye zane ka duba ƙugu, ɗuwawu da diddige. Sannan ka ce ya juya, ya tashi zaune, ya miƙe, kana kallo ba tare da ka yi saurin kama shi ba. Ka nemi a nuna maka banɗaki da hanyar zuwa gare shi, da tsayin dokin ƙofa, da inda yake cin abinci. Mutum yana iya tafiya taku ashirin amma tsugunno a masai ya gagare shi, kuma wannan ne ke sa ya rage ci da sha don kada ya wahalar da mutane.

5. Sanya buri tare da shi

Ka tambaye shi abin da ya fi so ya koma yi. Amsar takan zama zuwa banɗaki shi kaɗai, ko riƙe buta ya yi alwala, ko kai wa masallacin ƙofar gida, ko ta koma tuƙa tuwo, ko yaro ya zauna ba a riƙe shi ba. Ka ɗauki ɗaya ko biyu ka sa musu lokaci, misali ya tashi daga kujera ba taimako cikin mako huɗu. Za a tambaye ka ko zai warke. Kada ka ce zai koma kamar da, kada kuma ka yanke ƙauna. Ka faɗi abin da kake sa ran gani a wata mai zuwa, ka ce sauran yana hannun Allah da kuma ƙoƙarinsu. Ga uwar yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen doguwar naƙuda ko shawarar jarirai, ka gaya mata a fili cewa ba laifinta ba ne, raunin ba ya ƙaruwa kuma ba ya gogewa, amma abin da yaron zai iya yi yana ƙaruwa da horo.

6. Koyar da mai jinya

Ka gano wanda yake yin jinyar da gaske. Sau da yawa wanda ke amsa maka tambaya a zaure daban, wadda ke wanke shi da juya shi daban, kuma ita ce ɗalibarka. Ka nemi a samu mutum na biyu da zai riƙa karɓarta, domin jinyar wata shida tana karya mutum.

Kada ka ba da atisaye fiye da uku a ziyara ɗaya. Ka yi suna kallo, ku yi tare, sannan ta yi ita kaɗai kana gyara mata hannu. "Kin gane?" ba gwaji ba ne, don kunya za ta sa ta ce ta gane. Ka zana hoton kowane motsi a littafin gidan, ko ka ɗauki bidiyo da wayarsu in sun yarda. Ka ɗaura lokacin atisayen da sallah, bayan Asuba, bayan Azahar, bayan Isha'i, ta ja layi a littafi duk sanda aka yi.

Ga mai shanyewar ɓarin jiki, darasin farko shi ne kada kowa ya ja shi ta hannun da ya mutu, ko ya ɗaga shi ta hammata. Tsokar da ke riƙe kafaɗar ta saki, ja ɗaya yana iya bar masa ciwon da zai hana duk wani atisaye. A tallafe hannun da matashi in yana zaune, a riƙa zuwa masa ta ɓangaren da ya shanye, a ajiye masa kofi da rediyo ta can don ya riƙa juyawa. Tashi da zama daga kujera, ƙafafu biyu a ƙasa yana raba nauyi daidai, ya fi tausar awa guda amfani, ko da yake tausar iyali suka fi so.

Wanda ba ya iya juya kansa a juya shi duk awa biyu, a duba fatarsa safe da yamma, a cire ledar da ake shimfiɗa masa kai tsaye a jiki, a sa zanen auduga a kanta. Jan tabon da bai gushe ba bayan an ɗauke nauyi daga kansa gyambo ne ya fara, kada a sake kwantar da shi a wurin. Ka kuma ja kunne sosai kan gashi da ruwan zafi. Da an ji sunan aikinka abin da ake fara kawowa ke nan, alhali ƙafar da ba ta jin taɓawa, ta mai ciwon suga ko kuturta ko raunin laka, tana ƙonewa mai ita bai sani ba.

Wajen yara, ka zauna ka ga yadda ake ba su abinci. Ɗura, wato kwantar da yaro a toshe masa hanci a zuba masa kunu, tana tura abinci cikin huhu, kuma ciwon huhu yana cikin manyan abubuwan da ke kashe irin waɗannan yara. A zaunar da shi a miƙe, haɓarsa ta ɗan sunkuya, a yi kunun da kauri, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, a jira ya haɗiye. Tari ko canjin murya lokacin ci alama ce ta a dakata. Wannan ƙa'idar ta shafi babba mai shanyewar ɓarin jiki shi ma.

7. Kayan taimako daga kafinta da mai walda

Ka samu kafinta ɗaya da mai walda ɗaya ka koya musu, ka tsaya a kansu a aikin farko. Sandar dogarawa tana kai wa daidai wuyan hannu idan mutum ya tsaya ya saki hannunsa, a sa mata roba a gindi, a riƙe ta a ɓangaren da ke da lafiya. Sandar hammata ta bar tazarar yatsu biyu zuwa uku ƙasa da hammata, nauyi kuma a tafin hannu yake, domin rataya a kanta yana kashe jijiyar hannu. Gora biyu ko bututun ƙarfe da aka kafa a tsakar gida daidai ƙugu sun isa koyon tafiya. Kujerar roba mai ƙwari da aka huda tsakiyarta aka goge bakin, aka ɗora kan masai ko bokiti, tana warware matsalar tsugunno. Yaron da ba ya zama a yi masa kujerar kusurwa ta katako da ɗan tebur a gaba, ƙugu da gwiwa a lanƙwashe daidai, tafin ƙafa a dafe.

Keken guragu kuwa awo gare shi kamar takalmi. Faɗinsa ya dace da ƙugu, ya bar tazarar yatsu biyu ko uku a bayan gwiwa, kuma mai raunin laka kada ya hau shi ba matashin da ke rage dannuwa. Keken asibiti mai ƙananan tayoyi ba ya tafiya a yashi, mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu ya fi dacewa da hanyar ƙauye ga wanda hannuwansa ke da ƙarfi.

8. Rubutu da awo

Ka rubuta kowace ziyara kafin ka bar ƙofar gidan. Ka zaɓi awo kaɗan ka riƙe su: ma'aunin Barthel na ayyukan yau da kullum daga 0 zuwa 100, da gwajin tashi daga kujera a yi tafiyar mita uku a dawo a zauna, inda daƙiƙa 12 ko fiye ke nuna haɗarin faɗuwa ga tsoho, da matakai biyar na GMFCS, wato ma'aunin iya zama da tafiya, ga yara masu raunin ƙwaƙwalwa. Ka maimaita duk wata, ka nuna wa iyalin bambancin, domin wanda ke ganin mutum kullum ba ya lura da ci gabansa. Idan wata biyu suka wuce ba canji, ka kira wanda ke duba aikinka ku sake nazari. Sirrin gidan mutane ya tsaya a rijista, hotonsu kuma ba ya hawa Facebook ko zauren WhatsApp ba da izininsu ba.

9. Rage ziyara da miƙa shi ga sauran al'umma

Tun ranar farko ka sanar da su cewa zuwanka zai riƙa raguwa, daga mako-mako zuwa bayan mako biyu, zuwa wata-wata. Kafin ka sallame shi ka duba sauran ginshiƙan. Yaron da ya samu keke ya kamata ya shiga makaranta, don haka ka je wurin hedimasta da malamin Islamiyya ku ga yadda za a mayar da ajinsa inda ba matakala. Magidancin da ba zai koma noma ba ka haɗa shi da ƙungiyar masu buƙata ta musamman ko wani mai sana'ar zaune. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba ka abin kafa hujja idan wata makaranta ko ofis ya ƙi karɓarsa. A shafin ƙarshe na littafin gidan ka rubuta lambar asibiti, da ranar da za ka dawo dubiya bayan wata uku, da alamun da za su sa a neme ka kafin ranar: faɗuwa, sabon gyambo, gaɓar da ta fara sandarewa, ko takalmi da kujerar da yaro ya fi ƙarfinsu.